Wasiƙa Ga Aminina: Fim Mai Gani Da Dare



 Yaya aiki, yaya sanyin Manchester, yaya uwargida da yara? Ɗan autan nan naka ya fara takawa, ko har yanzu ana nan ana rarrafe? Allah ya raya mana su, ya shirya su. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ranar Juma'a da hantsi na biya na gaida Inna, na tarar da ita a tsakar gida tana shan rana da bargo a ƙafa, lafiyarta ƙalau in ban da ciwon gwiwar nan da ka sani, kuma ta ce in faɗa maka saƙo ya iso, Allah ya yi albarka, amma ka riƙa kira da kanka, don kuɗi ba sa gaisuwa. To, na isar, ka ji.

Hunturu ya kankama a Sakkwato. Da safe in ka tsaya a gadar Kwalkwalawa ba ka hango ƙetaren fadama saboda hazo, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, 'yan kabu-kabu sun naɗe fuska sai idanu kaɗai ake gani. Kowa na kuka da sanyi, ni kuwa a raina murna nake yi, don a duk shekara wannan ne lokacin da ruwa ke yi mini biyayya. Za ka gane abin da nake nufi in ka yi haƙuri ka karanta har ƙasa.

Ka tambaye ni a saƙonka na baya, cikin zolayar nan taka da ba ka dainawa, wai me na tsinta a tsohuwar kyamarar Baffa da nake yawo da ita da dare, a zamanin da ko mai tallan goro yana da waya mai hoto. Amsar ba ta shiga saƙon waya, shi ya sa na zauna na ɗauki alƙalami. Ka dai tuna ta, Pentax K1000 ɗin nan da ba a barinmu mu taɓa, wadda yake fitowa da ita ranar Sallah kawai, Allah ya jiƙansa. Tun 1976 aka fara ƙera irinta, ba ta neman batir sai don 'yar allurar da ke auna haske, kuma har yau in ka danna ta sai ta yi ƙarar nan da muke kwaikwayo da baki muna yara.

Abin da ya ja ni shi ne dare. Kai ma shaida ne, garin nan da rana a ɓoye yake, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa ya shige inuwa ya yi lamo, sai bayan Isha'i Sakkwato ke fitowa ta zauna a ƙofar gida. A lokacin ne masu shayi ke hura wuta, masu tsire da balangu su jera, dattawa su shimfiɗa tabarmi a Kanwuri ana hira, almajirai su kewaye wutar kara da allunansu. To amma ka duba hotunan da ke rataye a zaurukanmu, na hawan Sallah ne, ko na ƙofar fada da rana tsaka, ko wani ya sha babbar riga ya tsaya ƙyam a gaban labulen mai hoto. Babu dare a cikinsu, alhali rabin rayuwarmu a dare take.

Na san za ka ce ai akwai walƙiyar kyamara. Akwai, kuma an yi abin kirki da ita, don da ita Malick Sidibé na Bamako ya bi samarin garinsu wuraren rawa a shekarun 1960 da 1970, har duniya ta san shi, aka ba shi babbar lambar yabo a Italiya a 2007. Sai dai su masu rawa so suke a gan su. Kai za ka iya tsayawa a gaban dattijo yana lazimi a ƙofar gidansa ka watsa masa haske a ido? Ko bai ce maka komai ba ka san ka yi rashin ladabi. Ban da haka ma, walƙiya tana kashe ainihin abin da ya tsayar da kai, wato hasken aci-bal-bal ɗin nan da ya lashi gefen fuska ɗaya ya bar ɗayan a duhu. Da ka danna sai ta shafe shi, ta bar maka mutum a firgice, bayansa baƙi ƙirin. Shi ya sa na koma ga fim baƙi da fari mai sauri, wanda ke wadatuwa da ɗan hasken da ya tarar a wurin.

Bari in yi maka bayanin saurin nan yadda tsohon mai hoton nan na bakin Tsohuwar Kasuwa ya yi mini, wanda ya ɗauke mu hoton fasfo lokacin da za mu shiga sakandare. Yana nan da ransa, ido ya ɗan yi rauni amma kai garau. Fim ba komai ba ne illa leda da aka shafa wa wani danƙo, a cikin danƙon kuma akwai ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. In ƙwayoyin ƙanana ne, sai sun sha haske da yawa kafin su amsa, amma hoton ya fito sumul. In manya ne, ɗan kaɗan ya ishe su, sai dai za ka gan su ɓaro-ɓaro a jikin hoton. Bambancin lallausan gari da tsaki ne dai, kowanne da abincin da ake yi da shi. Lambar da ke jikin kwali ita ke faɗin saurin, kuma duk ninki ɗaya na nufin rabin hasken ya isa: mai 800 rabin abin da mai 400 ke bukata yake nema, mai 1600 rubu'i, mai 3200 kashi ɗaya cikin takwas. A teburin mai shayi, wannan shi ne bambancin da ke tsakanin ka riƙe kyamara a hannu ka ɗauka cikin kashi ɗaya bisa sittin na daƙiƙa, da ka nemi inda za ka ɗora ta kana roƙon mutum kar ya motsa.

A cikin masu 400, biyu ne suka yi suna. Akwai Tri-X na Kodak, wanda ya fito a naɗi tun 1954, 'yan jarida suka yi ta ɗaukar yaƙe-yaƙe da tarurruka da shi, sai HP5 Plus na Ilford, wanda ake yi a Mobberley, ɗan ƙauyen nan da ke kusa da filin jirgin samanku na Manchester. Ka ga ashe maƙwabcinka ne ba ka sani ba. Sannan ga manyan, T-Max P3200 da Kodak ya fitar a 1988, ya daina a 2012, shekarar da kamfanin ya shiga halin karayar arziki, ya kuma dawo da shi a 2018, da Delta 3200 na Ilford da ya zo a 1998. Abin da kwalin ba ya faɗa da babbar murya shi ne, ainihin saurin waɗannan biyun wajen 1000 ne, an dai gina su ne yadda za su jure a tura su zuwa 3200 ba tare da sun ɓata rai ba.

Turawar nan ita ce rabin sana'ar. Ka ɗauki fim mai 400, ka ce wa kyamara mai 1600 ne, wato ka rage masa haske da gangan, to in an zo wanki sai ka biya shi da ƙarin lokaci a cikin magani. Takardar Ilford ta ce HP5 a cikin maganinsu ID-11 ba sirki, ruwa na digiri 20, minti 7 da rabi yake yi in an ɗauka a 400, minti 10 da rabi a 800, minti 14 a 1600. Kuma duk naɗin ne ke tafiya tare, hoto 36 ɗin nan ƙaddararsu ɗaya, ba a tura rabi a bar rabi. Shi ya sa fim ɗin dare na dare ne kawai a wurina, ina ma liƙa 'yar takarda a bayan kyamara in rubuta lambar, domin in ka fita da shi da azahar ranar Sakkwato ta fi ƙarfinsa, ita kuma kyamarar Baffa iyakar gudunta kashi ɗaya bisa dubu.

Amma ka lura da wannan, don nan ne na fi daɗewa ina tunani. Turawa ba ta ƙirƙiro abin da bai shiga ba. Inda haske ya taɓa fim, ƙarin lokaci yana ƙara masa ƙarfi, inda kuwa bai taɓa ba, ko kwana ka yi kana wanki babu abin da zai fito. To mu kuma ga mu da baƙar fata da farar riga. Mutum ya sa farin yadi ya zauna kusa da fitila, allurar kyamara ta ga rigar da fitilar ta ce haske ya wadata, ka bi maganarta, ka tura a wanki, sai rigar ta fito fari fat ba ko alamar aiki a wuya, fuskar kuma ta nutse, sai hula a kan duhu. Littattafan da ake rubutawa a can wajenku ba su cika tsayawa a kan wannan ba, don ba ita ce damuwarsu ta kullum ba. Abin da nake yi shi ne in matsa kusa, in sa bayan hannuna a inda hasken ke faɗa wa fuskar mutumin, in auna daga nan, in ƙyale fitila ta ƙone in ta ga dama, don ba ita na zo ɗauka ba. A wajen wanki kuma ba na yawan girgiza, saboda girgiza farin take ƙara wa ƙarfi. A nan Delta 3200 ya fi HP5 kirki, in ka ɗauka da shi a 1600 ka wanke da lokacin 3200, yana riƙe fuska da riga duka biyu, har kwarmin ido da zanen fuska ka gani. In don fuskokin mutanenmu ne, shi na zaɓa. Illarsa dai ɗan gata ne, ba ya son wahala, ga tsada, HP5 kuwa ko an wulaƙanta shi yana yin aiki.

Mai shayin bakin layinmu, mutumin Ƙonni ɗin nan mai yawan dariya, shi ne na fi ɗauka. Yanzu ya rataya fitilar sola a kan sanda, haskenta fari ne mai kaifi, daga sama yake sauka ya bar ramin ido a duhu, ni ba na sonsa ko kaɗan. Sai in zauna a benci da kofina in jira ya sunkuya yana fifita gawayi, hasken ya taso masa daga ƙasa, ko lokacin da ya ɗaga kofi sama yana tsiyaya shayi cikin ɗaya. Akwai wanda na ɗauka a kashi ɗaya bisa talatin, na tokare gwiwar hannu a teburinsa tsakanin gwangwanin madara da tulin burodi, na riƙe numfashi. Hannunsa ya fito a ɗan goge saboda motsi, shayin ya zama farin zare daga sama har ƙasa, tururi ya cika da ƙwayoyin nan na fim, fuskar kuwa tsaf. Da na kai masa, ya juya takardar ya duba bayanta, ya ce, "Wanga ni na? To ina kalar ta tahi?" Aka yi ta dariya. Bayan mutane sun watse sai ya ce in ƙara masa ɗaya zai aika wa tsohuwarsa.

Makarantar allo ta fi wuya, kuma ba don haske ba. Sai da na yi ta zuwa gaida malam ba kyamara, muka saba, sannan na nemi izini, ya ce, "Ɗauki, amma kar ka sa su bar karatu su dube ka." Wannan sharaɗi da walƙiya ba ya cikuwa. Wutar kara kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, yanzu ta tashi yanzu ta kwanta, don haka sai ka sa ido ga yaron da ke kusa da tarin kara, da ya jefa sabo harshen ya miƙe, allunan su haskaka, to a nan za ka danna. Makarantu da yawa sun koma ƙwan sola, sai sanyi ya matsa ake hura wutar, ka ga wani dalilin son hunturu ke nan. Mata kuwa ba na nuna musu kyamara sam, in na bi ta wajen Hubbare ma rufe ta nake yi in saya a jaka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato wanki. Duk lissafin da ke cikin takardun nan a kan ruwa mai digiri 20 aka yi shi. Kai ka san ruwan tankin saman ɗaki a watan Afrilu, wanda ko alwala sai ka bari ya huce. Magani in ya ji zafi gaggawa yake yi, kusan kashi ɗaya cikin goma na lokacin ake ragewa a kan kowane digiri da ya ƙaru, in kuwa lokacin ya gaza minti 5 wankin ba ya yin daidai, wani gefe ya fi wani. Danƙon ma kumbura yake yi ya yi laushi, farce kaɗan ya kwashe shi, ƙwayoyi su ƙara girma, wani hazo ya rufe hoton. In kuma ka yi wayo ka sanyaya maganin farko da ƙanƙara, sannan ka ɗauraye da ruwan tanki, fuskar fim ɗin sai ta yamutse ta yi tsaga-tsaga, ba gyara har abada. Dole duk ruwan da zai taɓa shi su kasance kusa da juna, kada tazararsu ta wuce digiri 5.

Da na kai wa tsohon mai hoton nan kukana, dariya ya yi, ya ce, "Yaro, ba agogo ka wanke hoto ba, ruwa na." Ya ce su a zamaninsu da asuba suke wanki, ruwan kuma a randa yake kwana, kwalaben magani su kwana a cikin kwano cike da ruwan randar, da safe kowa zafinsa ɗaya. Haka nake yi yanzu. A wannan sanyin, in na dawo daga sallar Asuba na tsoma ma'aunin zafi a randa, sai in tarar yana wajen 20 ɗin nan da Turawa ke so, wata rana ma sai na ɗan surka da ruwan ɗumi. In bazara ta zo kuwa ba na jayayya da ita, ƙanƙara nake saye a leda in jefa cikin kwanon da kwalaben ke zaune, ba cikin maganin ba, in nemi 24 in bi lokacin da takarda ta ba 24. Wuri ɗaya ne zafin garin nan ke da rana, wajen kwaɓa magani. Na gari nake saye, ID-11 ko D-76 na Kodak, wanda tun 1927 ake amfani da shi, don gari ya fi jure tafiya da ajiya, kuma sai da ruwa mai zafin 40 zuwa 50 yake narkewa, to wannan kam ba sai na hura wuta sosai ba. Da ruwan leda nake kwaɓawa, da shi kuma nake ɗaurayar ƙarshe, saboda na 'yan ga-ruwa ba ya rasa laka.

Jar fitilar nan da kake gani a finafinai ta takardar hoto ce, fim mai sauri kowane haske yana gani, sai duhu na gaske. Akwai baƙar jaka da ake zura hannu a ciki, amma a nan hannu gumi yake yi, fim ya manne ya ƙi hawa ƙwaryar da ake naɗa shi a kai. Ɗakin ajiyarmu nake shiga da dare, in rataya bargo a ƙofa, in bar waya a waje, in kuwa aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, abin da kowa ke tsaki a kai ni gaba ta kai ni. Uwargidana ta ce duk wanda ya gan ni ina shiga ɗaki da bargo da almakashi zai ɗauka wani asiri nake haɗawa. Da lalube ake komai, ka fasa gwangwanin, ka yanke baki, ka naɗa a ƙwarya, ka sa a tanki ka rufe, sannan ka kunna fitila. Sauran aikin a haske ake yi. Ka zuba magani, ka kifa tankin sau huɗu a farkon kowane minti, ka ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfa ta saki, lokaci ya cika ka zubar, ka ɗauraye, ka zuba fiksa wajen minti 5, ita ce ke cinye azurfar da haske bai taɓa ba ta kafe hoton. Ɗauraya kuma ba sai ka saki famfo ba, Ilford sun koyar da wata dabara da ta dace da mu: ka cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, ka sake cikawa sau 10, ka sake sau 20. Lita ɗaya ta isa naɗi guda.

Kai, ina ma kana nan lokacin da ake zare shi daga ƙwarya yana ɗiga, a ɗaga wa fitila, a ga mutane da fararen fuskoki da baƙaƙen riguna a jere. Yaran gidan har rige-rige suke yi su gane wane ne wane. Sai dai hunturun da ya gyara mini ruwa shi ne ke ɓata mini shanya, don duk ƙurar da ta sauka a jiƙaƙƙen danƙo ta zauna ke nan. Banɗaki nake yayyafa wa ruwa, ƙasa da bango, in toshe taga da jiƙaƙƙen tsumma, in rataya fim ɗin da maƙalin shanya sama da ƙasa, in ja ƙofa in kafa doka. Haka kuma in za ka mayar da fim cikin gwangwaninsa a wannan bushewar, a hankali za ka juya, don wutar nan da ke tartsatsi a bargo da dare tana yi a cikin kyamara, ta zana maka rassa a kan hoto.

Ajiya ma wani karatun ne. Fim mai sauri ya fi kowanne saurin tsufa, zafi na cinsa, ko a firji ma a hankali yana yin hazo, balle firjin da ke kwana ba wuta. Dabarar tukunya cikin tukunya na ara, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar Rolex a 2000, yashi mai laima a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. Shi don tumatir da alayyafo ya yi, ni kuma na sa fim a robar da ke rufuwa gam, saboda laima ma abokiyar gaba ce, na jefa a ciki. Da rani tana aiki sosai, da damina sai a hankali. Wanda aka riga aka ɗauka kuwa ba a barinsa ya daɗe, a wanke shi da wuri.

Af, ka san da me ake yin danƙon nan? Da ƙashi da fatar shanu. Duk lokacin da na bi ta Kara na ga shanu, ko na wuce majema, sai abin ya faɗo mini. A 1925 wani masanin Kodak mai suna Sheppard ya gano cewa ɗan ɓurɓushin farar wuta da ke cikin danƙon, wanda ke zuwa daga irin ganyen da shanun suka ci, yana ƙara wa fim jin haske. Ashe saurin fim har da abin da saniya ta yi kiwo. Na faɗa wa wani Bafulatani abokin cinikina, ya ce ai dama ba abin da nagge ba ta yi. Akwai kuma masu wanke fim da garin Nescafé da sodar wanki da bitamin C, dabarar da ta samo asali daga gwajin wasu ɗalibai a Rochester ta Amurka a 1995, har na fara tunanin ko kanwa za ta yi aikin sodar tunda danginsu ɗaya, amma ba da fim ɗin da ya ƙetaro teku zan yi wannan gwajin ba. Magungunan dai a kwalba mai rubutu suke, sama inda hannun yara ba ya kai, tsohuwar fiksa kuma ba a zubar da ita inda awaki ke sha, don azurfa ce narke a cikinta.

Ka tuna hotunan walimarmu masu kala? Na duba su kwanan baya, duk sun koma ja-ja, rigarka mai ruwan bula ta zama wata iri. Amma hotunan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, da na Sardauna, waɗanda ke rataye a shaguna da zauruka, baƙi da farin suna nan daram, domin azurfa ce ba rini ba, in an ɗauraye ta da kyau tana daɗewa ƙwarai. Tsohon mai hoton nan yana da kwalaye cike da nagatif a ƙarƙashin gado, angwaye da amare, 'yan makaranta, alhazai ranar dawowa, gara ta fara taɓa na ƙasa. Ina ta lallashinsa mu tsabtace su mu jera, kuma a ganina irin wannan dukiya wurinta gidan tarihi na Waziri Junaidu, kusa da takardun magabata. In ka zo za mu je tare, kai ya fi jin maganarka.

To ga roƙon, na san tun ɗazu ka hango shi. In za ka taho, ko ka sami mai zuwa kafin azumi, ka riƙo mini HP5 Plus na milimita 35 ko guda goma, da Delta 3200 biyu ko uku, ka duba kwanan watan da ke jikin kwali ka zaɓi mai nisa. Ka haɗa da ID-11 da Microphen, shi wannan na biyun don turawa aka yi shi, da fiksa ta gari in ka samu. Magungunan su shiga babban akwati a cikin kwalinsu na asali da rasit, amma fim kada ka kuskura ya shiga akwatin da za a auna, na'urar da ke leƙa shi tana da ƙarfi. Ka cire su daga kwali ka zuba a farar leda ka riƙe a hannu, a wajen bincike ka roƙa da ladabi a duba su da hannu, domin Kodak da Ilford duk sun yi gargaɗi cewa sababbin na'urorin nan na jakar hannu suna iya ɓata fim ko sau ɗaya ya wuce, mai sauri kuma shi ya fi jin jiki. Tashe nake hari, daga goma ga watan azumi yara za su fara fitowa da gemun auduga da gwangwanaye, kuma ka san ba su tsayawa wuri ɗaya, sai mai 3200.

In kuɗin sun yi yawa ka rage Delta ka bar HP5, zan tura shi, kuma ka faɗa mini abin da ka kashe in ba ƙaninka a nan, kada ka ce mini komai a kan wannan. Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa mini kan yara, mutanen gida duk suna gaishe ku, mai shayi ma ya ce a gaida Bature. Ka rubuto mini ranar da za ka sauka in zo tarbarka.

Wassalam.

Naka har kullum,
amininka na Sakkwato.